Kyamarar da Na Ɗiga wa Man Bindiga

Zuru,
Jihar Kebbi.

Zuwa ga ɗiyata Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina roƙonsa ya kai ki Jos lafiya, ya tsare ki daga sharrin hanya da na mutane, ya sa ki faɗa hannun nagari. Mamanki tana gaishe ki. Ita na ba wannan takarda ta cusa a jakarki kusa da ƙullin yaji, don na san nan hannunki zai fara zuwa.

Na zaɓi in rubuta ne domin in na ce zan faɗa da baki, ni da ke mun san yadda za ta kaya. Zan fara da tsawa kamar ina filin fareti, ke kuma ki sunkuyar da kai kina "To Baba, to Baba," ba abin da ya shiga. Ga shi maganar ba ta tsawa ba ce. Akwai wurin da in na kai, muryata ba za ta fita ba.

Kin ce makarantarku ta koyon fim tana so kowa ya taɓa ɗauka da fim na gaske, ba da waya ba, kuma za ki nemi tsohuwar ƙaramar kyamara, irin Sufa 8 ɗin nan mai cin kaset, tunda sabuwa in ma akwai ta fi ƙarfinmu. Kin ce da ita za ki dawo hutun Kirsimeti ki ɗauki Gwaggonki Saratu ranar girbin dawa. Kin san dai halin yayata. Waya ba ta isa ta kalle ta ba, tun ranar da ta ga yara sun ɗauki wata tsohuwa tana kokawa da akuyarta a kasuwar Dabai, suka yi ta yawo da ita ana dariya. Ta ce miki sau ɗaya ta yarda, kuma da irin wadda na taɓa zuwa da ita, mai ƙara kamar keken ɗinki. Kin kuma ga ƙafafunta yadda suka kumbura bana, kin ji numfashinta in ta hau ɗan tudun coci. Ba na yi mata mugun fata, amma ni da ke kada mu ruɗi kanmu da maganar girbin baɗi. In kyamararki ta ƙi gani a ranar, shi ke nan.

Ni na taɓa sayen irinta, kin sani. Abin da ba ki sani ba shi ne yadda na yi da ita.

Lokacin ina kofur a barikin Kaduna, ban ko yi aure ba. Samanjanmu ya dawo daga aiki a ƙasar waje da kaya niƙi-niƙi, har da kyamara a jakar fata mai sheƙi. Wata rana ya kira ni ya ce, "Kofur Bawa, an ce kai mayen hoto ne?" Na ƙame na ce, "Haka ne, Oga." Ya ciro ta ya danna, ta yi gurnani mai daɗi, ni kuwa zuciyata ta riga ta saye. Da ya buɗe wurin batir na hango wani gari fari-fari mai kore-kore ya manne a ƙarfen. Ya kankare shi da farce ya ce, "Iskar teku ce kawai." Na ce, "Haka ne, Oga." Ina da tambayoyi cike da baki, amma yaya kofur zai ce wa samanja, "Oga, tsaya in duba"? Na karɓa na sara masa, har da godiya.

To ke, mai sayar miki ba samanjanki ba ne. Ko da furfura har gemu, ko da malaminku ne ya haɗa ku, ki gaishe shi da ladabi sannan ki tambaya. Yaushe rabon da a ɗauki fim da ita? Wa ya ɗauka? Ina abin da aka ɗauka in gani? Wanda ya ɓata rai don kin yi tambaya, ki yi masa sai anjima. Kuma kada ki sayi wadda hotonta kawai aka turo miki a waya. A hoto kowace kyamara lafiyarta ƙalau.

Wurin batir za ki fara buɗewa, kafin ki kalli kyanta. In kin ga garin nan ko tsatsa, ruwan tsohon batir ne ya zuba, kuma ba a nan yake tsayawa ba, yana bin waya ya shige ciki inda idonki ba ya kaiwa. Tawa haka take, wani lokaci sai na ɗan buge ta da tafin hannu kafin ta tashi. Ki tafi da sababbin batir naki a jaka, kada ya ce miki, "Ai batir ne babu, amma tana aiki." Sannan ki leƙa ko tana da wani ƙaramin gida na batir na biyu, ɗan mitsitsi kamar maɓallin riga, wanda ke kula da auna haske. Wasunsu an daina yin irin batir ɗinsu tuntuni. Ki fi son wadda duk abincinta batir ɗin da za ki samu a kowane shago ne, ko a Ribah ko a Mahuta. Za ki ga wasu da ake murɗawa da hannu kamar agogon da, ba ruwansu da batir, kuma suna da ƙarko. Amma galibinsu ba kaset suke ci ba, don haka kada ki ɗauka sai kin tabbatar da inda za ki samu fim ɗinsu da mai wanke shi.

Kuskurena na biyu, da kunne na yi ciniki. Na ji ƙara mai daɗi na ce lafiya lau. Ashe ƙara ba shaida ba ce, injin yana iya yin waƙarsa alhali fim yana tsaye wuri ɗaya. Ki buɗe ƙofar da ake sa kaset, ki danna, ki duba ɗan haƙorin ƙarfe da ke jan fim, ki ga yana leƙowa yana komawa. In an samu tsohon kaset, ki ɗiga alama da biro a kan fim ɗin da ya bayyana, ki sa, ki danna kaɗan, ki ciro. In alamarki tana nan inda kika bar ta, ajiye masa kayansa. Ki kuma riƙe ta tana gudu na ɗan lokaci mai tsawo, ba ƙyas ɗaya ba. Muryarta ta tafi daidai, kada ta riƙa hawa da sauka ko ta yi ƙaras-ƙaras, don wasu haƙoran cikinsu na roba ne, tsufa na tsattsaga su.

Ki haska gilashin idonta da tocilan wayarki. Ƙura kaɗan ba komai ba ce. Amma in kin ga zare-zare kamar saƙar gizo daga ciki, fumfuna ce, ta ci gilashin, gogewa ba ta fitar da ita. Ki shafa ɗan soson da ke gefen ƙofa, in yana marmashewa ko yana manne miki a yatsa sai an sake shi. Kuma don Allah, Uwata, kada dogon hancin kyamara da yawan maɓallai su ruɗe ki. Na san ki da son ƙyale-ƙyale, tun kina ƙarama takalmi mai fitila kike nunawa a kasuwa. Wadda ba ta da tarkace da yawa ba ta da abin lalacewa da yawa.

Yanzu na zo inda nake jin kunya.

A cikin madubin da ake leƙawa akwai wata 'yar allura mai nuna yawan haske. In ka juya wajen rana ta matsa, in ka juya inuwa ta dawo. Tawa tana matsawa, amma da nawa, kamar wadda aka tasa daga barci. Na lura da haka sarai. Sai kan soja ya ba ni amsa: duk ƙarfen da ya yi nauyin motsi, mai yake so. Haka aka koya mana tun muna kurata, da bulala aka koya mana. Bindigar da ba ta sha mai ba ita ke kashe mai ita. Ranar Asabar kafin in tafi hutu na shimfiɗa bargo, na jera tsumma da ɗan buroshi kamar za a yi duban makamai, na kwance 'yan kusoshin gefenta, na ɗauko man bindiga na ɗiɗɗiga mata a duk inda na ga rami. Na goge ta har tana ɗaukar ido. Da na danna, sai muryarta ta ƙara laushi. Na ce a raina, Samanja bai san darajar kayansa ba.

Ashe a bayan gilashin akwai wasu 'yan ganyayyakin ƙarfe, sun fi bawon albasa sirantaka, su ke buɗewa su tsuke don haske ya shiga daidai. Ba ƙarfi gare su ba, ɗigon mai ɗaya ya isa ya manne su. Zafin mota daga Kaduna zuwa Zuru ya narkar da man ya bi ya same su. Na leƙa da ita wajen rana a tasha, suka tsuke, ba su sake buɗewa ba. Abin takaicin, ta madubin leƙawa komai tas nake gani, domin a irin tawa hanyar ido daban, hanyar fim daban. Daga baya ne wani mai gyara a Kaduna ya buɗe ta, ya kai hanci ya shinshina, ya dube ni ya ce, "Malam, soja ne kai ko?"

Don haka ki gwada allurar nan da kanki, daga rana zuwa inuwa, ki ga tana tafiya da hanzari. Kada ki tsaya nan. Ki buɗe ƙofar kaset, ki danna, ki leƙa ta 'yar tagar da fim ke wucewa, ta baya, kina juya ta daga haske zuwa duhu. Ki ga ramin hasken yana faɗi yana tsukewa da idonki. Wannan shi ne abin da fim zai gani. Ki nemi wadda za ki iya saita hasken da hannu in na kanta ya gaza. In kuma wani abu ya cije, kada ki sa mata mai, kada ki bar kowa ya sa, ko man keke ko na ɗinki. Ki kai wa wanda aikinsa ke nan. In ba shi, ki haƙura da ita ki nemi wata.

Duk da haka, da na yi abu ɗaya, da na tsira. Kaset biyu Samanja ya haɗa mini da su, kowanne bai fi minti uku da 'yan kai ba. Wani abokina ya ce, "Bawa, ƙona ɗaya mana a nan bariki, a wanke mu gani." Na ce Allah ya kiyaye, in ɓata fim a kan ƙartin sojoji suna wanki? Rowa ce, ba wani abu ba, na kira ta tattali. Ke kada ki yi. Kina sauka Jos ki fara nema, kada ki jira sanyi ya shigo. Kaset na farko na gwaji ne. Ki ɗauki abin banza da shi, kaji, masu talla, rana da inuwa, kusa da nesa. Ki aika a wanke, kuma ki tambayi malamanku tun yanzu inda ake aikawa da tsawon lokacin da yake ɗauka, don a zamaninmu har ƙasar waje yake zuwa, ban kuma ji an ce abin ya zo kusa ba. Sai kin ga hoto da idonki sannan ki ce kina da kyamara. In mai ita ya yarda a ƙulla cewa za ki mayar in gwaji bai yi ba, wannan mutumin kirki ne. Sauran fim ɗin ki ajiye shi wuri mai sanyi, kada ki bar shi a jaka cikin rana.

Ban taɓa ba ki labarin ranar da na yi ɗauka da ita ba. Babanki Danladi, ɗan'uwana, shi ne ya gama golmo, shekarun nan da saurayi yake yi yana noma wa surukinsa shi da abokansa kafin a ba shi mata. Ranar aikin ƙarshe ce, a gonar surukin, can bayan Dabai. Innarmu, wadda kika ci sunanta, ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Cewa take mutum ya tsaya ƙiƙam a takarda ba ya ko ƙifta ido, wannan ai gawa ce. Amma ta taɓa ganin majigi a fili a Zuru, ya burge ta. Da na nuna mata kyamarar na ce irin ta majigi ce, sai ta juya ta a hannu ta ce da harshenmu, "In dai zan yi motsi a ciki, na yarda. Amma sau ɗaya, kada ka mai da ni abin wasa."

Ta shiga ɗaki ta ɗauro zanenta na saƙi, baƙi mai ratsin ja, wanda ba ta fito da shi sai babbar rana. Samari sun jeru a gona, ana kiɗa, Danladi a gaba gumi har ƙugu. Sai ga Inna ta taho ta kan kunya da ƙwaryar kunu, Yaya Saratu na bin ta. Ta sauke ƙwaryar, ta rangaɗa guɗa, ta taka rawa, ita da ba ta rawa tun rasuwar Babanmu. Ta matso dab da ni tana dariya ta ce, "Kana gani na?" Na ce, "Ina ganin ki, Inna." Wallahi ina ganin ta, tas, har wushiryarta. Kaset biyun duka a kanta na ƙarar.

Na koma bariki na aika fim. Kafin ya dawo aka aiko mini Inna ta kwanta, kafin a ba ni izinin tafiya an binne ta.

Ga kuskurena na ƙarshe, shi ne kuma ya fi ciwo, domin ba ni kaɗai ya taɓa ba. Fim ya dawo a 'yan faya-fayansa. Ba ni da majigi, kuma tsoro ya hana ni warware shi in ɗaga wa haske, kada yatsana ya ɓata fuskarta. Na zo gida na shaida wa kowa cewa za su ga Inna tana tafiya. Wani malamin makarantar mishan ya ara mana majigi da janareto. Bayan sujada ranar Lahadi aka toshe tagogin coci da zannuwan mata, aka rataya farin ƙyalle. Har waɗanda ba sa shiga coci sun shigo, tsofaffin da suka yi 'yanmatanci da ita suka zauna a gaba.

Aka kunna. Duhu. Na ce farkonsa ne, a dakata. Duhu dai, sai wani ɗan haske-haske da ke motsi can ciki kamar an leƙa rijiya. Malamin ya sa na biyu, shi ma haka. Can wajen ƙarshe wani abu fari ya ɗaga ya sauka, sai Yaya Saratu ta miƙe tsaye ta nuna ta ce, "Ga ta nan! Ga hannunta!" Mata suka fashe da kuka. Uwata, ba hannunta ba ne. Ni na riƙe kyamarar, na san wurin. Rana ce ta haska bakin garmar Danladi. Ban ce komai ba, har yau kuma ban ce ba, ke ma kada ki ce.

Saboda haka duk abin da kika ɗauka, ki fara kallon sa ke kaɗai, ƙofa a rufe, kafin ki kira ko mutum ɗaya. Kada ki yi wa mutane alkawarin fuskar wani sai tana hannunki.

Ba wanda ya zage ni, da ma sun zage ni da na fi samun sauƙi. Danladi ya dafa kafaɗata ya fita. Shekara da shekaru ke nan, kuma zan faɗa miki abin da ban faɗa wa mamanki ba: fuskar Inna ta fara ɓace mini. Muryarta tana nan, guɗarta tana nan, amma in na rufe ido in kira fuskar, sai ta Yaya Saratu ta zo. Kamarsu ɗaya, har tafiyar, har yadda take karkatar da kai in za ta yi dariya. Ku da 'ya'yanku ba ku da wata hanyar ganin Inna sai ta wurinta. Ni ma yanzu haka.

Shekaranjiya na je Dabai gaishe ta. Tun daga zaure na hango wani abu a kan igiyar shanya, sai da na nemi kututture na zauna. Zanen ne, baƙi mai ratsin ja. Ashe tana ajiye da shi a ƙasan akwati duk shekarun nan, ban sani ba. Ta ce ta fito da shi ya sha iska, shi za ta ɗaura ranar girbi. Sannan ta harare ni ta ce, "Ka gaya wa yarinyar nan ta zo da wuri. Kai kuma, Bawa, in ta kawo abin, kada ka kuskura ka taɓa shi." Na ce na ji, Yaya. Kujera zan ɗaukar mata zuwa gona, in riƙe mata lema, iyakar aikina ke nan.

Ki kula da kanki a can. Ki sa rigar sanyi, garin ba irin namu ba ne. Kada ki bar zuwa sujada, kada ki je wurin mai sayarwa ke kaɗai, ki tafi da abokiyar karatu, da rana. Ubangiji ya tsare fitarki da shigarki, ya ba ki ido mai lura da bakin tambaya, ya raba ki da gaggawa irin ta ubanki. Ya ƙara wa Gwaggonki kwana har dawa ta nuna, ya dawo mana da ke lafiya. Amin.

Ko mummuna ce, ko duk jikinta ya goge, ba komai, Uwata. Ki dai zo mana da wadda take gani.

Ni ne mahaifinki,
Bawa.